Ɗan Farin Inna Aisatu

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da cewa Inna Aisatu ba ta da zuciya, duk na gani. Wata Hajara daga Anka har cewa ta yi in cire tsohuwar daga labarin kowa ya huta. To Hajara, ba ni na halicce ta ba. Ku karanta na yau tukuna, faɗan ya biyo baya.

Muna Gwashi, daminar 1980, jajibirin suna.

Ga wanda yau ya faɗo cikinmu: Yusufu soja ne, ɗan farin Inna Aisatu. An kai su Labanan aikin tsaron zaman lafiya, ya bar matarsa Safiya da ƙaramin ciki. Ba a jima ba sojoji suka zo da akwatinsa na ƙarfe da labarin rasuwa, gawa kuwa ba ta zo ba. Inna ta ce tunda ba ta ga gawa ba, ba ta karɓar gaisuwa. Yanzu Safiya ta haifi namiji, tana so a mayar masa da sunan ubansa. A al'adar gidan kuwa, ba a sa wa yaro sunan ubansa uban yana raye. Inna ta ce ranar da aka raɗa wannan suna, ranar za ta koma rugar danginta a ƙasar Anka, kuma an gama ganinta a gidan.

Ta ma riga ta ɗaure kayanta.

Tsoho shi ne mai gidan. Wan marigayi mijin Inna ne, kuma shi ya haifi Safiya. Da ya ji an ce wani soja da suka tafi tare da Yusufu ya zo hutu Gummi, sai ya aika masa. Sunansa Kofur Lado.

Bayan la'asar Lado ya iso a kan aron keke, ƙafar wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Ba kaki a jikinsa. Tsoho bai tsaya da shi a zaure ba, ya ce wanda ya ci kwano ɗaya da Yusufu ba baƙo ba ne, ya wuce da shi har tsakar gida.

Mata na ta aikin gobe. Ana daka, ana tsintar shinkafa, ragon suna na gindin rumbu yana cin harawa abinsa. Goggo Uwani, ƙanwar Tsoho, wadda ta yaye Yusufu ta raine shi har ya shiga soja, tana ganin Lado ta saki muciya ta fashe da kuka tun bai buɗe baki ba.

Inna Aisatu na bakin ɗakinta tana burga nono. Bayanta ta ba su.

"Aisatu," in ji Tsoho, "ga baƙo daga Gummi. Tare sunka tahi da yaronga."

"Sannu da zuwa. A ba shi ruwa."

"Ba ruwa yaz zo sha ba. Magana yaz zo da ita."

"To shi yi ma Uwani. Ita ad da soja."

Ku 'yan yanzu da kuke ɗora hoton ɗan fari a waya kuna rubuta masa kalamai masu daɗi, ba lallai ku gane ba. A lokacin, musamman ga macen da ta tashi a ruga irin Inna, ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an san yana gidan. Tun da aka haifi Yusufu ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunan a bakinta. “Yaron Uwani” take cewa, in ta matsu ta ce “wancan”.

Lado ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya lau. Ƙaƙa hanya?"

"Gulbi ya kawo, amma an hito da mu."

"Madalla."

"Ƙaƙa haƙuri, Inna?"

Maburgi ya tsaya.

"Haƙurin mi? Akuyata ta ɓace bara, kuma an gane ta."

Lado ya dubi Tsoho. Tsoho ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya ce masa ya faɗi abin da ya sani, daga farko, kada ya rage.

Lado ba gwanin labari ba ne. Ya fara da ƙasar, wai duk tudu ce da duwatsu da itatuwan zaitun, kuma sanyinta ba ya jin bargo. Hanya suke gadi a saman wani tudu, ƙauye na ƙasansu.

"Mutanen ƙauyen sun san shi hiye da kowa cikinmu," in ji shi. "Akwai wata tsohuwa mai awaki. Kullum in tana tatsa, shi tsaya daga bisa shina tsaki, shina cewa tsohuwagga ɓata nono takai. Rannan yas sauka yak karɓi kwanon. Ba shi jin yarenta, ba ta jin nashi. Yat tatse mata su tas."

Goggo ta yi dariya cikin kuka.

"Shi na. Wallahi shi na. Ba shi iya ganin dabba hannun wanda bai iya ba."

"Tun daga nan kullum sai ta aiko mai da ɓaure. Shi raba muna, shi ce nonon ƙasarga dai ba shi kai na gida ko kusa."

Inna ta ci gaba da burga nononta, amma a hankali.

"Ranar da abin yah hwaru, da hantsi na," in ji Lado. "Anka hwara harbi daga bayan tudu. Ba mu anka nuhwa ba, tsakaninsu na. Bom guda yah hwaɗo kusa da ramin da shike. Munka jawo shi. Bai kai azahar ba."

Masu daka sun daina daka. Daga ɗakin mai jego aka ji jariri ya motsa, aka jijjiga shi ya yi shiru.

Inna ba ta juyo ba.

"Ku da yawa na can?"

"Da yawa, Inna."

"Kayanku iri guda?"

"Iri guda."

"Hula hwa?"

"Shuɗiya, kowa da kowa."

"To."

Ta ɗauki ludayi ta fara kwashe mai, kamar an gama magana.

"Inna," in ji Lado, "ni niw wanke shi."

Ta ci gaba da kwashe man.

Ya ce hanyar birni a toshe take a kwanakin, ba mota mai fita, ga shi ba a ajiye mamaci. Mutanen ƙauyen Musulmi ne. Su suka ba da likkafani, suka ba da wuri a maƙabartarsu, limaminsu ya yi salla, sojoji suka bi sahu. Tsohuwa mai awaki ta tsaya daga nesa har aka gama.

Tsoho ya shafa fuska. Abin da yake nema ke nan tun watanni, mutum mai ido biyu da zai ce ya gani.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "An yi mai sutura, an sallace shi, an kwantar da shi bisa dama, huska gabas. Mi yar rage, Aisatu?"

Ba tambayar Lado ya yi ba. Da Lado mai wayo ne da ya ja bakinsa an wuce wurin. Amma akwai mutanen da in ba su gyara magana ba sai ta hana su barci, kuma Kofur Lado na cikinsu.

"Kudu, Baba."

"Mi?"

"Huska kudu munka sa mai."

Tsoho ya miƙe tsaye har turmin ya gangara.

"Kudu? Yusuhu kunka sa ma huska kudu?"

"Baba, can alƙibla kudu take."

"Alƙibla ta tashi daga gabas yaushe? Ni da nis sa ubana kabari da hannuna, nis sa ƙanena, kai za ka gaya min inda alƙibla take?"

Lado ya tsinci kara ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ɗiga nan ya ce Gwashi. Ya ɗiga can ya ce Makka. Ya matsa sama da ita ya ɗiga ya ce Labanan.

"Mu nan Makka tana muna gabas. Su can sun wuce ta, tana musu kudu. Ku tambayi duk wanda yat tahi Madina, kudu suka kallo in za su salla."

"Alhazan garinga ba wanda yat taɓa hwaɗa muna hakanga."

"Ba a tambaye su ba na, Baba."

Tsoho ya tsaya yana kallon ɗigon nan uku a ƙasa. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa wuce Gusau ba, kuma tun yana yaro inda rana ke fitowa nan yake sa goshi. Shi ya aika a kira shaida, shi ne kuma ya fara rushe ta da bakinsa.

Sai a lokacin Inna ta juyo, rabin juyowa.

"Kun dai ji da kunnenku," ta ce, murya a kwance. "Yaron Uwani Musulmi na, ɗan Musulmi. Wanda anka sa ma huska kudu, can su san ɗan wa sunka rufe."

"Inna, wallahi..."

"Ka sha hanya, yaro. A zuba mai hura."

Daga bayan asabari muryar Safiya ta fito. Tun da ta haihu ba ta sa baki a maganar ba sai yau.

"Baba, liman na jiran suna kahin magariba."

"Na sani."

"To a hwaɗa mai."

Inna ta amsa ba tare da ta dubi ɗakin ba.

"Sunaye sun ƙare duniya? A sa mai Halilu. A sa mai Mainasara. Wa yah hana?"

"Inna, bai ga ubanai ba, kuma ba shi ganinai. Sunan kaɗai yar rage da ni ka iya ba shi."

"In wancan ya dawo ya ishe an yi mai magaji shina raye, ke za ki dubi idonai ko ni?"

"Ba shi dawowa, Inna."

Safiya ta faɗe shi a sarari, sannan kuka ya ci ƙarfinta. Yarinyar ta ba ni tausayi, ba zan ɓoye muku ba. Ta yi takabar da uwar miji ba ta yarda takaba ce ba, ta haihu, yanzu kuma an ce ta zaɓa tsakanin sunan mijinta da tsohuwar da ta haife shi.

Inna ta rufe ƙwaryar nono da faifai. Ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙunshin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa.

"Yaya Tsoho, in ka aika ma liman ka sanar da ni, in kama hanya da sauran rana."

Nan Goggo Uwani ta kai maƙura. Ta share hawaye da gefen zane ta taso.

"Aisatu, ki ji tsoron Allah. Kunya munka sani, mu ma mun yi ta. Wagga ba kunya ba ta. Ranar da yaronga za shi tahi, gari dut ya hito rakiya, ke kika ɗauki ƙwarya kit tahi kasuwar Bukkuyum. Ko a dawo lahiya ba ki ce mai ba. Shina ta waige, ina ganinai. Yau kuma ke ka hana a zauna a yi mai addu'a awa kowane mamaci. Kin hana shi shina raye, ki hana shi ya mutu?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba!"

"Goggo," in ji Lado.

Duk suka dube shi. Yana nan durƙushe, karan na hannunsa.

"Ba kasuwa tat tahi ba."

Inna ta dube shi ido cikin ido, karon farko tun shigowarsa.

"Kai, yaro. Kama bakinka."

"Ki gahwarce ni, Inna. Yusuhu ya ce kar in hwaɗa ma kowa, kuma ban hwaɗi ba. Amma yau ba ni komawa Gummi da ita."

Ya ajiye karan.

"Ya ce da motarsu tak kai mashigin gulbi, inda aka sauke mutane su taka yashi, sai yag gane ki gindin wata kanya, da ƙwarya bisa kai. Ba ki dube shi ba. Shi ma bai iya matsowa ba. Da yaz zo wucewa kika aje wani abu bisa dutse, kic ce, wani ya yada kayanai. Kij juya kit tahi."

Lado ya ci gaba.

"Kullum in ya ba ni labarin sai ya yi dariya. Shi ce, Lado, ka ji Inna, wai wani."

Goggo ta dubi Inna, baki buɗe.

"Gulbi? Da ƙahwa kit tahi har gulbi?"

Inna ta kawar da kai.

Lado ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da abu naɗe a hankici. Ya warware a kan tafinsa. Laya ce 'yar ƙarama, an ɗinke ta cikin baƙin saƙi mai ratsin fari, da igiyar da aka murza da hannu. Ƙullin igiyar na nan yadda yake. Daga gefe aka yanke ta da wuƙa.

"Ga damtse shika ɗaure ta, ƙarƙashin kaki. Ko wanka za shi ba shi kwance ta. Manyanmu sun yi hwaɗa har sun gaji. Da niz zo yi mai wanka, ƙullin ya ƙi kwantuwa, dole nis sa wuƙa."

Ya juya layar a tafinsa.

"Na wanke ta, Inna. Wurin nan guda na, jinin yaƙ ƙi hita."

Goggo ta matso ta sunkuya. Ta kai yatsa ta taɓa saƙin, ta janye.

"Wanga majanyinai na," ta ce a hankali. "Wanda anka kawo min shi da shi ranar yaye. Na neme shi har na gaji, har 'yan wanki niz zarga. Aisatu, ke kiɗ ɗauke shi? Tun shina jinjiri kika ɓoyonai?"

"Tsumma na," in ji Inna. "Wa ka tambayar tsumma?"

Amma muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

Lado ya rasa yadda zai yi da hannunsa. Ya san ba za ta karɓa a gaban mutane ba. Sai ya duba, ya ga dutsen niƙa kusa da ƙafarta, ya ɗora layar a kai ya koma inda yake.

Tsoho ya buɗe baki zai yi magana, Goggo ta harare shi ya rufe.

Inna ta daɗe a tsaye. Ta dubi rago. Ta dubi ƙunshin kayanta. Sannan ta durƙusa, yadda tsofaffi ke durƙusawa gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki layar. Ba saƙin ta duba ba, ƙullin ta duba. Ta juya shi, ta sa farce ta gwada, bai motsa ba. Irin ƙullin da ake yi wa maraƙi ne a ruga, kuma duk gidan ita kaɗai ta iya shi.

Ta kai babban yatsa kan wurin da ya ƙi fita, ta bar shi a nan.

Daga zaure aka yi sallama. Ɗan aiken liman ne, wai malam ya ce rana na tafiya, wane suna za a raɗa da safe?

Tsoho ya amsa sallamar, ya ce a ɗan dakata. Ya juyo ya tsaya yana jiran matar ƙanensa. Safiya ta ɗaga asabari ta fito bakin ƙofa da jaririn a kafaɗa, abin da mai jego ba ta yi gaban baƙo. Ba wanda ya ce ta koma.

Inna ba ta dubi kowa ba sai Lado.

"Kofur."

"Na'am, Inna."

"Ka ce bai kai azahar ba."

"Bai kai ba."

"Da hankalinai?"

"Da hankalinai, har ƙarshe. Ya yi shahada."

"Kana kusa?"

"Kainai na bisa cinyata."

Ta gyaɗa kai. Ta dunƙule layar a hannu. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Yusuhu," ta ce.

Goggo ta dafe ƙirji. Tsoho ya sunkuyar da kai. Wata daga cikin masu daka ta ce la'ilaha illallahu a hankali, don ita ma ba ta taɓa ji ba.

"Yusuhu, da za shi cikawa," in ji Inna, "ya kira wani?"

"Ya kira, Inna."

"Sau guda?"

"Ya yi ta kira."

Goggo Uwani ta matso taku ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta raka shi har bakin mota. Inna na durƙushe a ƙasa da layar a hannu. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

"Wa yak kira?"

Lado ya dubi Goggo. Ya dubi Inna. 

"In hwaɗi nan, gaban kowa?"

"Hwaɗi," in ji su, su biyun, baki ɗaya.